Kalma ta Biyar

Mutanen kwarin Ribeirão Frio manoma ne, jikokin Jamusawan da suka sare dajin nan shekara ɗari da suka wuce. Kowane gida da shanunsa biyu ko uku, da aladu, da gonar rogo da masara a kan gangare, da tanda a bayan gida inda ake gasa burodi ranar Juma'a. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa ruwa ba. Harshen iyayensu suka rasa. Lokacin yaƙin duniya na biyu aka hana Jamusanci a makaranta da coci da bakin hanya, har da rubutun kan kaburbura. Da aka ɗage dokar, tsofaffi suka ci gaba da yin sa ƙasa-ƙasa a madafa. Amma waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun hanin sun riga sun haɗiye nasu, 'ya'yansu kuwa sai Fotugis, harshen ƙasar.

Sunana Lindolfo Zastrow. Daga ƙetaren dutse aka turo ni a 1971 in koyar da karatu da lissafi. A shekarata ta huɗu fasto ya roƙe ni in riƙa koya wa yara Jamusanci ranar Asabar da safe, a ƙaramin ɗakin da ke jikin coci. Yara tara suka zo. A cikin kabad ɗin cocin na sami tsohon littafin da aka yi amfani da shi a makarantar kwarin kafin yaƙi, na karkaɗe shi, na soma bin sa shafi-shafi. Ni mutum ne da ba ya son tsallake shafi.

A watan Nuwamba, zafi ya fara, muka iso kan wasu kalmomin aiki da ke ba yara wahala. Su ba sa cafkar mutum kai tsaye kamar yadda ake cafkar kaza. Juyowa suke yi su fuskance shi: a taimaka masa, a gode masa, a amsa masa. Saboda haka ƙananan kalmomin da ke tare da su sai su sauya kama, yara su yi ta tuntuɓe. Littafin ya jera biyar, na ce za mu ɗauki ɗaya kowace Asabar. Aikin gida kuwa mai sauƙi ne: kowa ya je wurin wani tsoho a gidansu ya ba shi jimla ɗaya da kalmar, ya kawo mini ranar Litinin.

Wata yarinya ta ɗaga hannu, Ivoni Hackbarth, 'yar shekara goma, siririya mai kitso biyu.

"Malam, mu ba mu da tsoho."

"Babanki fa?"

"Baba ya ce in zo in koya in ina so, amma in kaɗe shi a bakin ƙofa tare da laka kafin in shigo masa gida."

Yara suka yi dariya. Na san Arno Hackbarth. Yana ɗan shekara takwas aka sa shi durƙuso a kan ƙwayar masara yini guda saboda kalma ɗaya ta suɓuce masa a aji, tun ranar ba wanda ya sake jin Jamusanci a bakinsa. Matarsa kuma 'yar gangaren kogi ce, ba ta jin ko gaisuwa. Na ce wa Ivoni ta nemi duk wanda ta samu, in ba ta samu ba, ba laifi.

Kalmar farko ita ce helfen, wato taimako. Ranar Litinin Ivoni ta kawo littafinta. Jimlar ta fi ta kowa tsawo: Yaron yana taimaka wa uwarsa ɗebo ruwa, ya zubar da rabi a hanya, ya ce rafi ne ya biyo shi gida.

Na yi murmushi, sannan murmushin ya tsaya. Ba kuskure ko ɗaya. Kuma an rubuta ta da tsohon rubutun hannu na Jamusawa, mai tsini-tsini kamar haƙoran zarto, wanda ban taɓa koya wa kowa ba.

"Wa ya rubuta miki?"

"Ni ce. Ita dai ta riƙe mini hannu."

"Ita wa?"

"Wata mata. Tana zama bayan shingen makabarta, wajen gorar nan, in an buga ƙararrawar rana tsaka. Hanyarmu ce ai."

Na ɗauka ɗaya ce daga tsofaffin kan gangare masu zuwa yankan ciyawa. Na ba ta maki goma cif.

Asabar ta biyu danken, godiya. Jimlar ta ce: Ina gode wa yarinyar da ta tsaya. Asabar ta uku antworten, amsawa. Jimlar ta ce: Ina kira kullum, ba ya amsa mini.

A makon nan ne na lura alli yana faɗuwa daga hannun Ivoni. Ta zo aji da rigar sanyi alhali kowa yana fifita da littafi. Na ce ta ba ni hannunta in gani. Na hagu da ɗuminsa irin na yara. Na dama kamar an tsamo shi daga rijiya, tun daga yatsu har wuyan hannu.

"Yana ciwo?"

"A'a. Barci kawai yake yi."

Asabar ta huɗu gehören, wato abu ya zama na wani. Na sallami yara, na tsaya a tagar ɗakin ina kallon Ivoni tana gangarawa. Shingen makabarta ya ƙare, ta sha kwana wajen gora, ganye ya rufe ta. Aka buga ƙararrawa. Gyare da ke ta kuka tun safe suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an rufe musu ƙofa. Na ce wa kaina zafi ne. Na tattara allina na tafi gida, kuma har yau ina jin kunyar tafiyar nan.

Ranar Litinin jimlar ta ce: Wurin da suke kai furanni ba nawa ba ne. Sanyin hannun Ivoni kuwa ya kai gwiwar hannu.

"Malam," in ji Ivoni, "ta ce Asabar mai zuwa ba sai na kawo fensir ba. Ta ce ta san kalmar da ke tafe, ita ma littafin nan ta karanta. Wannan ba a rubuta ta, yin ta ake yi."

Ban buƙaci buɗe littafin ba. Kalma ta biyar folgen ce: a bi mutum.

"To in na tsallake ta fa?" Na yi ƙoƙarin in mai da shi wasa.

"Ku ba kwa tsallakewa, Malam. Ko kun tsallake ma, ita ba ta tsallakewa."

Da aka tashi makaranta na nemi Goggo Alwine, tsohuwar da ke share coci tun kafin a haifi fasto. Na same ta tana goge kujeru.

"A'a, Malam Tabarau! Yau kuma me ka zo aunawa? Kujerun a miƙe suke, na duba."

"Goggo, rubutu na kawo ki duba mini. Ko naki ne?"

"Nawa? Da wannan hannun da ko cokali sai na lallashe shi?" Ta karɓi littafin, ta nisanta shi da fuskarta, ta matso da shi. Sai ta nemi kujera ta zauna. "Ɗan nan, ina ka samo wannan?"

Na gaya mata duka.

"Mutum ɗaya ce ke ja wa harafin nan wutsiya haka. Benci ɗaya muka zauna, malam ya yi ta dukan ta a kai ba ta daina ba. Berta ce. Uwar Arno."

"Uwar Arno ai ta rasu."

"A farkon shekarar arba'in da biyu. Ni na yi mata wanka, ba sai ka gaya mini ba."

Na ce to ai kabarinta yana can sama kusa da ƙofa, na sha ganin Arno yana kai furanni. Goggo ta yi tsaki.

"Allonta ne a can sama. Ita ba ta can. Kai mai son layi, ba ka taɓa karanta shekarun da ke kan allunan nan ba? Na sha tara kusa da na hamsin, na talatin kusa da na sha biyu. Haka aka taɓa mutuwa?"

Ta yi mini bayani. A da, a kwarin nan, ba a binne mutum kusa da danginsa. Layi ake bi. Wanda ya mutu yau sai ya kwanta kusa da wanda ya mutu kafin shi, ko da a duniya ba sa gaisawa. Da aka zo da dokar hani, maza suka kwance allunan ƙarfen da ke jikin gicciye, masu rubutun Jamusanci, suka ɓoye a rufin coci. Shekara goma sha shida allunan na can, ruwa ya yi ambaliya sau biyu, gora ta cinye layin ƙasa. A hamsin da takwas samari suka ce za su gyara makabarta. Ba mai iya karanta littafin coci a cikinsu. Suka maida alluna gida-gida yadda suka ga ana yi a birni, miji da mata a gicciye ɗaya, suka ja sabon shinge daidai inda gora ta fara.

"Ba ki faɗa musu ba?"

"Na faɗa! Suka ce, Goggo, je ki dafa mana kofi. Na je na dafa. Arno da hannunsa ya ɗaure allon uwarsa a gicciyen ubansa. Ban ga laifinsa ba, ranar da aka binne ta shi ma yana kwance da zazzaɓin da ya kashe ta. Shekara goma sha shida ke nan tana bayan shinge, shi kuma yana ɗaure saniyarsa kusa da ita." Ta rufe littafin ta miƙo mini. "Ka saurare ni, ɗan nan. Berta ba muguwa ba ce. Amma matacce bai san nisan da ke tsakaninsa da mai rai ba. In ya ce biyo ni, ka ɗaga ƙafa, ba dawowa. Biyu na gani a rayuwata. Kada yarinyar nan ta bi ta."

Na fara tunanin in hana Ivoni zuwa ranar Asabar. Amma hanyar gidansu ke nan, kullum ta nan take wucewa, ƙararrawa kuma kullum ana buga ta. Washegari da yamma na hau gangare zuwa gidan Arno. Na tarar da shi yana saran rake ƙanana-ƙanana don shanu.

"Malam, sannu da hawa. In lissafi ne, Ivoni uwarta ta gado. In kuma ɗayan abin ne, ga saniya can, ta fi ni ji."

"Ka taɓa hannun 'yarka kwanan nan, Arno?"

"Uwarta ta shafa mata man kafur. Girma ne. Ku masu karatu komai sai kun ba shi suna."

Ban yi gardama ba. Na buɗe littafin na karanta masa jimlar farko, a Jamusanci, a hankali yadda nake karanta wa 'yan aji. Ban fassara ba. Da na kai inda yaron ya ce rafi ne ya biyo shi gida, addar ta tsaya a sama. Ya sauke ta sannu a kan kututture.

"Wa ya gaya maka wannan?"

"Ba ni aka gaya wa ba."

"Ba kowa a wurin. Daga ni sai ita." Ya share hannunsa a wando, ya sake sharewa. "Alwine ce ta haɗa ku. Tsohuwar nan ba ta da aiki."

Na karanta masa sauran ukun. Na gaya masa batun layi da shinge, da kalmar da ke tafe. Ya daɗe yana kallon saniyar.

"Ba ta cin ciyawar wurin," ya ce. "Shekara da shekaru ina ɗaure ta a can, sai ta ja igiya ta juya baya. Na zaci iskanci ne irin na dabba." Sai ya ɗauki addarsa. "Ranar Asabar ina da aikin taba, Malam. Ka gaida fasto."

Ranar Asabar na koyar da kalma ta biyar. Na rubuta ta a allo, yara suka maimaita, Ivoni tana zaune da hannunta na dama a cinya kamar ba nata ba. Da na sallame su na ce mata yau tare za mu gangara. Na ɗauko littafin coci na binne matattu na saƙale a hammata, ban ma san amfanin da zai yi mini ba.

A ƙarshen shinge muka tarar da Arno tsaye, da hularsa a hannu.

"Igiyar saniya na zo nema," ya ce, bai dube ni ba.

Rana ta take, ba iska ko kaɗan. Aka buga ƙararrawa. Kafin bugu na ƙarshe ya mutu, gyare suka yi shiru. Na ji sanyi ya taso daga ƙasa ya kama mini idon sawu, kamar na taka cikin rafi.

"Ga ta can," in ji Ivoni, da murna a muryarta. "Yau a tsaye take."

Ni ban ga komai ba sai gora da inuwa. Hannun Ivoni na dama ya ɗaga da kansa, ya miƙe gaba, yatsu a dunƙule kamar an kama su. Ta yi taku ɗaya. Arno ya cafke ta a kafaɗa. Mutum ne da ke ɗaga buhun masara da hannu ɗaya, amma na ga takalminsa yana jan ƙasa. Na yar da littafin na riƙe ta ta ɗayan gefen. Ta ja mu mu biyu, taku na biyu, na uku, fuskarta a sake, ba alamar tana wani ƙoƙari. Leɓenta ya fara yin shuɗi.

"Baba, sake ni mana. Ta ce ba nisa."

"Ivoni, ce mata a'a! Ce mata ba za ki ba!"

"Ba ta jin Fotugis, Baba."

Arno ya dube ni. "Malam, kai ka yi mata magana. Kai ka iya."

Na yi. Na kira ta da sunanta, na roƙe ta da Jamusanci mai tsabta, irin na littafi. Ivoni ta yi taku na huɗu. Ganyen gora ya taɓa mata goshi.

"Ba ta san ku ba, Malam," ta ce.

Sai na ji wani sauti daga maƙogwaron Arno kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. Abin da ya fito Jamusancin ɗan shekara bakwai ne, na madafa, a karye, rabin kalmomin ba sa inda littafi ya ce su zauna. Ban taɓa jin daɗin kuskure kamar na ranar ba.

"Inna. Ni ne. Ga ni nan. Saki yarinyar, tawa ce. Ni zan zo."

Hannun Ivoni ya faɗo. Mu uku muka yi baya, na zauna daɓas a ƙasa da ita a jikina.

"Arno, kada ka shiga," na ce. "Goggo ta ce..."

"Na ji abin da Goggo ta ce. Riƙe ta."

A gabanmu ciyawa ta kwanta, tafin ƙafa ɗaya, sannan wani a gabansa, sannan wani, zuwa cikin gora. Arno bai taka inda ciyawar ta kwanta ba. Ya tsaya a bakin gorar, ya zaro addarsa daga ɗamara, ya fara sara. Sai ya share taku guda, rana ta sauka a wurin, sannan ya taka. Yana sara yana magana, ƙasa-ƙasa, ban ji duka ba. Na ji yana cewa shanu biyu ne yanzu, an sake rufin gida, yarinyar sunanta Ivoni kuma ta iya lissafi. Bai bar inuwa ta rufe shi ba ko sau ɗaya. A taku na goma sha biyu addar ta bugi ƙarfe.

Gicciye ne, ya karkace, tsatsa ta cinye shi, da ramuka biyu inda allo yake a da. Gefensa akwai wani, da wani. Na tashi na ɗauko littafin coci na duba shafin arba'in da biyu. Bakwai ne a layin. Berta Hackbarth ita ce ta uku. Arno yana durƙushe a gaban na uku tun kafin in ƙirga.

Gyare guda ya yi kuka, sauran suka amsa.

A makon aka tara maza. Goggo Alwine ta zauna a kujera ƙarƙashin lema, ni ina karanta littafi, ita tana nuni da sanda, tana cewa wannan karon wani ya je ya dafa mata kofi. Aka kwance alluna arba'in da ɗaya aka maida kowanne inda mai shi yake. Aka ja shinge ya zagaye layin ƙasa. Arno ya yi kwana tara a kwance da zazzaɓi, matarsa ta aiko a kira fasto sau biyu, sannan ya tashi ya nemi burodi da tsiran alade. Hannun Ivoni ya ɗauki ɗumi sannu a hankali, daga gwiwa zuwa yatsu. Ƙaramin yatsan ne kawai bai dawo daidai ba.

Asabar ta farko bayan babanta ya tashi, ta jira yara suka fita, ta zo gaban teburina.

"Malam, na tsaya a wurin jiya, da shekaranjiya. Ba ta zo ba. Ko sallama ba ta yi mini ba, bayan ni ce na yi ta tsayawa."

Na ga idonta ya ciko. Na ce ta zo mu gangara. A ƙasan makabarta, cikin sabon shinge, Arno yana tsugune yana cire saiwar gora da ta sake tsirowa, yana magana shi kaɗai, yana tsayawa jifa-jifa kamar mai jiran a gama faɗa masa wani abu. Ivoni ta daɗe tana kallon sa. Ba ta kira shi ba.

A nan ta gane cewa duk makonnin nan matar ba ita take kira ba. Ɗanta take kira, Ivoni ce kawai ta tsaya ta saurara.